Sanƙarau Suna Ɗaya Ne, Cuta Iri-Iri: Nasiha Ga Malaman Allo Da Fataken Ƙasar Zakirai

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya saukar da cuta, Ya kuma saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Duk wanda ya san ƙasar Zakirai, inda mulkin Gabasawa yake zaune, arewa maso gabas da birnin Kano, ya san ƙasa ce wadda daji ya ƙare a cikinta tun kaka da kakanni. Gona tana jingine da gona, gida yana hangen gida, matafiyi kuwa kafin carar zakaran wannan ƙauye ta ɓace masa ya fara jin ta na gaba. Wannan cika albarka ce babba, domin ita ke sa kasuwa ta ci, ita ke sa sahun masallaci ya yi tsawo. Amma cikar nan da ke sa kasuwa ta ci, ita ce kuma ke sa annoba ta ci.

Da zarar an kau da amfanin gona, an ɗaure gero da dawa an kai rumbu, hunturu ya fara busawa, sai ƙasa ta motsa. Alaramma ya ɗauki almajiransa ya nufi gabas, ɗan ci-rani ya ɗauki jakarsa ya nufi birni, farke ya ɗaura kaya yana bin kasuwanni daga Gezawa zuwa Ringim. To, wannan lokaci na tafiye-tafiye da kwanan zaure, daga tsakiyar sanyi har faɗuwar ruwan farko, shi ne ainihin lokacin sanƙarau. Mutanen da suka fi kowa kusa da yaro a cikin waɗannan watanni kuwa su ne malamin da ke riƙe da allonsa, da ɗan kasuwar da ake zuwa rumfarsa neman magani. Saboda haka su ne suka fi cancanta su san hakikanin wannan cuta, domin sau da yawa ran yaro yana rataye ne a kan abin da ɗayansu zai faɗa a cikin sa'ar farko.

Fasali na farko: Mene ne sanƙarau?

Allah, cikin hikimarSa, Ya lulluɓe ƙwaƙwalwar ɗan Adam da lakar gadon bayansa da tantani hawa uku, Ya sanya wani ruwa garai-garai yana gudana a tsakani, kamar yadda mai Alƙur'ani ke naɗe shi a zane kafin ya sa shi a gafaka. Idan wata ƙwayar cuta ta sami hanya ta shiga wannan ruwa ta hayayyafa, sai tantanin ya kumbura, ya matse ƙwaƙwalwa. Daga nan ne ciwon kai mai tsanani yake fitowa, da amai, da gushewar hankali, da sandarewar wuya wadda ta jawo wa cutar sunanta.

Ashe ke nan sunan sanƙarau suna ne na abin da ido ya gani, bai faɗi abin da ya haddasa shi ba. Masu ilmin lugga sun san lafazi ɗaya yakan ɗauki ma'anoni da yawa. Kalmar "ainu" a Larabci takan zama ido, takan zama idon ruwa, takan zama ɗan leƙen asiri, takan zama zinariya, ba kuwa a sanin wadda ake nufi sai an dubi abin da ke gabanta da bayanta. Haka sanƙarau yake. Wanda ya ɗauka cuta ɗaya ce mai magani ɗaya, ya yi kuskuren almajirin da ya fassara kowace "ainu" da ido.

Fasali na biyu: Ire-irensa a jikin yara

Na farko, kuma shi ne wanda ƙasar Hausa ta fi sani, shi ne mai zuwa da annoba. Likitoci suna kiran ƙwayarsa maningokokas. Wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, sunansa Weichselbaum, shi ya fara gano ta a ƙarƙashin madubin likita a shekarar 1887. Ita ma kanta ba gida ɗaya ba ce, dangi goma sha biyu ne, amma shida daga cikinsu su ke yin ɓarna, an kuwa raɗa musu suna da haruffan boko: A, da B, da C, da W, da X, da Y. Wannan rabe-rabe yana da amfanin sani ƙwarai, domin rigakafin gida ɗaya ba ya tsare mutum daga wani gidan. Wannan iri yakan kama yara da samari, yana da sauri kamar wutar kara, yakan kashe a cikin yini da kwana. Wani lokaci yakan shiga jini, sai a ga ɗigo-ɗigo masu duhu a fata ko a cikin farin ido.

Na biyu shi ne wanda ƙwayar nimokokas ke kawowa, watau ƙwayar nan da ke sa ciwon haƙarƙari da ciwon kunne mai zubar da ruwa. Ba ya cika yin gayya kamar na farko, yakan ɗauki ɗaya a wannan gida, ɗaya a wancan ƙauye, shi ya sa ba a buga masa ganga. Amma idan aka auna waɗanda ya kama da waɗanda ya kashe, ya fi na farko mugunta, kuma ya fi barin yaro da kurumta. Jarirai da yara masu amosanin jini, watau sikila, su ya fi yi wa kwanto.

Na uku ƙwayarsa ita ce wadda likitoci ke taƙaita sunanta da Hib. Wannan ba ta cika kama wanda ya wuce shekara 5 ba. A da tana cikin manyan masu kashe ƙananan yara, amma inda duk aka tsare allurar jarirai ta yi sanyi.

Na huɗu shi ne na jinjiri sabon haihuwa, wanda bai cika wata guda ba. Shi galibi a wajen haihuwa yake ɗaukar ƙwayar daga jikin uwa, ita kuwa uwar lafiyarta lau, ba ta san tana ɗauke da kome ba. Haɗarin wannan iri shi ne, wuyan jinjiri ba ya cika sandarewa. Sai dai a ga ya ƙi mama, jikinsa ya saki, ko ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, yana wani irin kuka mai tsini, ko yana barcin da ba a iya tashinsa, maɗigarsa kuma ta kumbura ta yi tauri. Ungozoma da kakar yaro su ne ya kamata su haddace waɗannan alamu.

Na biyar na tarin fuka ne. Babba yana tari a ɗaki wata da watanni, ƙaramin yaro yana shaƙa, ƙwayar ta bi jini ta hau kai. Wannan ba ya gaggawa. Yaro yakan yi mako biyu ko uku yana rama, yana ƙyuya, yana ɗan zazzaɓi, ya daina wasa, kana daga bisani ya suma. Maganinsa dabam ne da na sauran, kuma ana shansa watanni masu yawa. Allurar da ake yi wa jariri a damtse da zarar an haife shi, mai barin ɗan tabo, babban amfaninta ke nan.

Na shida shi ne na ƙwayoyin da ake kira bairas, waɗanda suka fi duk na baya ƙanƙanta, irin su mai kawo hangum, da waɗansu masu bin ƙazantar hannu da ruwan sha. Wannan iri yana da yawa, amma galibinsa yana da sauƙi, yaro yakan sha wuya kwana bakwai ko goma ya tashi. A nan ne ruɗu yake shigowa, domin idan aka ba irin wannan yaro wani jiƙo ya warke, sai jiƙon ya yi suna, alhali kuwa ko ba a ba shi kome ba da ya warke. Gobe kuma a ba mai irin na farko wannan jiƙo, a wayi gari ana haƙa kabari.

Na bakwai na fumfuna ne, shi kuwa ba ya cika kama sai wanda wata cuta ta riga ta karya garkuwar jikinsa, kamar mai ƙanjamau. A cikin yara kaɗan ne.

Har ila yau akwai mai kama da sanƙarau wanda ba shi ba ne, watau zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai. Shi ma yana sa jijjiga da suma. Babu malami, babu boka, kai, babu ma likitan da zai dubi yaro da ido kawai ya rantse cewa wannan iri kaza ne. Hanyar rarrabewa ita ce a ɗebi ɗan ruwan gadon baya a auna. Mutane suna tsoron wannan, suna cewa shi ke gurgunta yaro. Gaskiyar al'amari ita ce, ana soka allurar ne can ƙasa wajen ƙugu, inda laka ta riga ta ƙare, abin da ake ɗiba kuwa bai fi 'yan ɗigo ba, jiki kuma yana mayar da shi cikin sa'o'i kaɗan. Gurguntakar da ake gani daga baya aikin cutar ce.

Fasali na uku: Dalilansa

Jama'a sun saba cewa zafi ke kawo sanƙarau. A cikin wannan magana akwai rabin gaskiya. Zafi ba ya haifar da ƙwaya, kamar yadda damina ba ta haifar da gero a gonar da ba a shuka ba. Ƙwayar mai annoba a maƙogwaron ɗan Adam take zaune, ba ta da wani gida a dabba ko a ƙasa. A cikin mutum goma masu cikakkiyar lafiya akan sami ɗaya yana ɗauke da ita bai sani ba, a lokacin annoba kuwa masu ɗaukar sukan ninka haka. Tana tashi daga wannan zuwa wancan ta hanyar tari, da atishawa, da numfashin masu kwana kai da kai. Daga shigarta zuwa bayyanar ciwo kwana 2 ne zuwa 10, galibi kwana 4.

To, me ke sa ta bar maƙogwaro ta shiga jini? Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Busasshiyar iskar hunturu da ƙurarta suna tsattsage cikin hanci da maƙogwaro, kamar yadda suke yi wa leɓe da dunduniya. Mura ta ƙara nata, hayaƙin kara da na itace a rufaffen ɗaki ya ƙara nasa. Sa'an nan ga sanyi ya sa an toshe kowace kafa da tsumma, yara ashirin sun cure a zaure ɗaya. Shi ya sa da ruwa ya sauka, iska ta yi laushi, sai annobar ta kwanta kamar an yi mata tsawa.

Wani likitan sojan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya bi diddigin wannan al'amari, a shekarar 1963 ya bayyana cewa annobar tana da yanki nata, wanda ya miƙe kamar ɗamara a ƙarƙashin Sahara. A yau ana lissafa ƙasashe 26 a cikinsa, daga Sanagal har Habasha. Ƙasar Kano, da Katsina, da Sakkwato, da Maraɗi, da Damagaram duk a tsakiyarsa suke. An rubuta labarin annobar a Arewa tun 1905. Ta dawo da ƙarfi a 1950, a zamanin da tsofaffi ke tunawa da ƙwayar Emanbi. Ta auka wa Zariya a 1977. A 1996 kuwa aka yi wadda ba a taɓa ganin irinta ba: an ƙidaya mutum 109,580 da suka kamu a Nijeriya, 11,717 suka riga mu gidan gaskiya, Asibitin Zana na Kano ya cika har ana kwantar da marasa lafiya a ƙasa. A wannan shekara ce hukumar Saudiyya ta dakatar da shigar alhazan Nijeriya saboda tsoron cutar. A 2009 ma fiye da mutum 50,000 suka kamu.

Fasali na huɗu: Sa'ar farko

A ƙaddara wani ƙolo ne a wata tsangaya, ɗan shekara tara. Da hantsi ya wanke allonsa, da azahar ya ce kansa yana sarawa, ya ƙi fita bara. Da la'asar jikinsa ya yi zafi kamar garwashi, yana amai, yana kau da ido daga haske. Gardi ya zo ya durƙusa ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, yaron nan fa ya ƙi tashi, ko an ce ya sunkuyar da kai ba ya iyawa." A daidai wannan lokaci hanya ta rabu biyu a gaban malam. Ko dai ya ce a ba shi rubutu, a sayo masa ƙwayar zazzaɓi, a ga abin da Allah zai yi zuwa safiya. Ko kuwa ya tofa masa addu'a, ya ce a nemo babur yanzu-yanzu a kai shi asibiti, rubutun ya bi shi a baya.

Tsakanin waɗannan hanyoyi biyu akwai dare ɗaya tak, amma a cikin daren nan ake rabuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a cikin mutum 6 da irin sanƙarau mai tsanani ya kama, ɗaya yakan mutu, a cikin 5 kuma ɗaya yakan tashi da naƙasa: kurumta, ko farfaɗiya, ko shanyewar gaɓa, ko raunin ƙwaƙwalwa. Mai annoba kuwa idan ba a yi masa magani sam ba, yakan kashe har rabin waɗanda ya kama. Malami ya fi kowa sanin abin da kurumta take nufi ga yaron da aka kawo domin ya ji karatu daga baki ya haddace. Maganin yana nan, allura ce da ake kira saftirayazon, amma amfaninta yana ga saurin fara ta. Babu kuwa wanda ya ce rubutu da allura kishiyoyi ne. Kofar asibiti ba ta taɓa hana addu'a shiga ba.

Fasali na biyar: Shubuhohi huɗu da jawabinsu

Idan wani ya ce, ai rigakafi rashin tawakkali ne, abin da Allah Ya rubuta ba makawa, sai a tuna masa da ƙissar Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, sa'ad da ya nufi Sham, ya isa Sarga, labari ya iske shi cewa annoba ta ɓarke a gaba. Ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida ya nuna masa kamar gudun ƙaddara ne, sai ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, ya nuna masa duk gefen da ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su. Wanda ya fi Umar tawakkali a wannan zamani, sai ya fito a gan shi. Bayan wannan kuma, tun bayan annobar da ta auku a aikin Hajjin 1987, Saudiyya ta wajabta wa kowane maniyyaci allurar sanƙarau, daga baya ta ƙara da cewa sai mai tsare gida huɗu, bayan gidan W ya ɓulla a Hajjin 2000 da na 2001. Malamai nawa da attajirai nawa na ƙasar Gabasawa suka miƙa damtse aka yi musu, suka karɓi katin shaida suka adana shi tare da fasfo? Abin da alhaji ya halatta wa damtsensa domin ya ga Ka'aba, da wace hujja zai haramta shi ga ɗansa ko almajirinsa?

Idan wani ya ce, ai wannan azaba ce saboda zunubin mutane, sai a ce masa an taɓa jin haka daga bakin manya. A annobar 2017 gwamnan Zamfara na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya danganta ta da yawan alfasha, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu kuwa ya fito fili ya ƙi yarda, ya ce a nemo allura. Tuba wajibi ce a kowane lokaci, babu mai musun wannan. Amma annobar Amwasa ta ɗauki Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal, su kuwa ba fasiƙai ba ne. Jaririn wata shida kuma alƙalami bai hau kansa ba. Aibin wannan magana shi ne takan sa iyaye su ji kunya su ɓoye mara lafiya a ƙuryar ɗaki, alhali ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Idan wani ya ce, ai Kano ta ga abin da aka yi wa 'ya'yanta da sunan magani, to wannan ya faɗi abin da ya faru, ba kuwa za a rufe masa baki ba. A cikin annobar 1996 kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana. Yara 200 aka sa a cikin gwajin, wajen rabinsu aka ba su sabon, sauran aka ba su wanda aka sani. Yara 11 suka rasu, waɗansu suka naƙasa. Iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. Aka yi ta shari'a har 2009, sa'ad da aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004. To, amma darasin da ke cikin wannan shi ne a riƙa tambaya: wane magani ne, wa ya aiko da shi, hakimi da dagaci sun sani, gwaji ne ko kuwa tabbatacce ne? Wannan haƙƙin kowane uba ne. Amma wanda aka taɓa ba shi jabun kuɗi a kasuwa ba ya daina ciniki, sai dai ya koyi duba kuɗi. Wanda ya hana ɗansa rigakafi yau saboda laifin da aka yi a 1996, ɗansa ya hukunta, kamfanin bai ma san yana yi ba.

Idan kuwa wani ya ce, ai an riga an yi mana allurar sanƙarau tuntuni, sai a mayar da shi ga maganar gidaje shida. Allurar MenAfriVac, wadda aka fara a Burkina Faso, da Mali, da Nijar a ƙarshen 2010, aka kuma bi jihohin Arewa da ita daga 2011 zuwa 2014, gidan A kaɗai take tsarewa. Ta kuwa yi aikinta, domin gidan A, wanda shi ne ya yi ɓarnar 1996, ya kwanta. Amma da babban ɓarawo ya bar gari sai ƙanensa ya fito. Wani sabon nau'i na gidan C ya ɓulla a ƙasar Sakkwato a 2013, ya auka wa Nijar a 2015, sa'an nan daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017 ya kama fiye da mutum 14,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 1,100, mafi yawansu yara, Zamfara ce kuwa ta fi shan wuya. A 2023 Jigawa ce ta ɗauki kaso mafi yawa na waɗanda suka kamu a ƙasar nan, Jigawa kuwa da Gabasawa kan iyaka ɗaya ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A watan Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara aiki da sabuwar allura mai tsare gida biyar a tashi ɗaya, watau A, da C, da W, da X, da Y, aka fara da Jigawa, da Bauci, da Yobe.

Fasali na shida: Abin da ya rataya a wuyan kowa

Malamin allo makiyayi ne, amanar 'ya'yan mutane tana hannunsa. Almajiri kuwa shi ne ya fi kowane yaro saurin kuɓuce wa rigakafi, domin sa'ad da masu allura suka je gidan ubansa ba ya nan, sa'ad da suka zo garin da yake kuma ba ya cikin lissafin kowane gida. Ya kamata kowane alaramma ya san adadin almajiransa, ya kai wa mai unguwa, ranar da aka yi shelar allura kuma ya jera su da kansa, ya tsaya a kansu. Allura tana bukatar wajen kwana 10 kafin ta kama jiki, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Ya rage cunkoson kwana gwargwadon iko, a raba yara zaure biyu ko a kafa rumfar zana, a bar taga a buɗe, a hura wutar karatu a fili. Ya kuma koya wa gardawansa alamu huɗu kamar yadda yake koya musu farillan alwala: zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, ciwon kai da amai, sandarewar wuya, da gushewar hankali ko jijjiga. In ɗaya ya kwanta, a sanar da malaman asibiti sunayen waɗanda suke kwana tare da shi.

Ɗan kasuwa shi ma yana da nasa. Mai kemis da mai tallar magani a faranti, idan uba ya zo ya kwatanta irin waɗannan alamu, su ji tsoron Allah kada su ƙirga masa ƙwaya huɗu su karɓi kuɗinsa. Guntun magani ba ya kashe wannan cuta, sai dai ya lulluɓe alamunta ya ruɗa likita, ya kuma cinye sa'o'in da ba su dawowa. Ribar da ke cikin cewa "tafi asibiti yanzu" ta fi ribar kwali guda. Attajiri mai mota, da mai babur, su sani ɗaukar yaro zuwa asibiti da tsakar dare sadaka ce wadda ba ta kasa gina rijiya ba. Farken da ke yawon kasuwanni kuma, idan ya ji ana yawan jana'izar yara a wani gari, ya kawo labari ga dagaci, domin kunnen farke yakan riga takardar hukuma isowa.

Iyaye mata su riƙe katin jariri kamar yadda ake riƙe takardar gona. Allurar haihuwa tana tsare na tarin fuka. Ta mako 6, da 10, da 14 tana ɗauke da rigakafin Hib tun 2012, an kuma fara ƙara na nimokokas a ƙarshen 2014. Ta wata 9 kuwa an sa mata na gidan A tun 2019. Duk kyauta ake yinsu a asibitin gwamnati. Maigidan da ya hana matarsa fita domin wannan, ya shirya amsar da zai bayar.

Hukuma kuma kada ta ɗauka nasiha ta tsaya a kan talakawa. Ba daidai ba ne a ce wa mutum ya gaggauta zuwa asibiti, ya je ya tarar babu ma'aikaci da dare, ko a rubuta masa allura a ce ya tafi birni ya saya. Kowa ya san watan da cutar ke zuwa, ba baƙuwa ba ce. Wajibi ne a ajiye magani a asibitocin karkara tun kaka, a kuma kira malamai shawara tun kafin a buga ganga, maimakon a tuna da su sai an ga jama'a sun ƙi fitowa.

Ƙasashen duniya sun ɗaura niyya a 2020 cewa za su kawar da annobar sanƙarau kafin 2030. Ko wannan niyya za ta cika ko ba za ta cika ba, ba a Janiba za a gane ba. A zaurukan tsangayu da rumfunan kasuwa irin na Zakirai za a gane, a bakin malamin da gardi ya durƙusa a gabansa da la'asar. Wanda ya sani ya sanar da wanda bai sani ba, wanda ya karanta ya karanta wa maƙwabcinsa.

Allah Ya tsare 'ya'yan Musulmi da na sauran bayinSa daga wannan cuta, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga suka tafi, Ya ba shugabanni ikon riƙon amana, Ya kawo damina mai albarka. Amin. Haza wassalam.